Batirin Malam

Shekara goma sha ɗaya ke nan babur ɗin yana kwana a zauren Malam, a wata unguwa ta cikin birnin Zariya. Irin wanda ake kira roba-roba ne, ƙirar Jincheng, kuma Malam bai saye shi sabo ba. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni, sai 'yan acaɓa da yawa suka rasa yadda za su yi da baburansu. Wasu suka yi ƙaura da su zuwa wasu garuruwa, wasu suka karyar. A hannun ɗaya daga cikin waɗanda suka karyar ne Malam ya sami nasa, lokacin saura 'yan shekaru ya ajiye aikin koyar da Hausa a sakandare. Da shi ya ƙarasa aiki, da shi ya yi zaryar takardun fansho, kuma da shi yake zuwa ɗaurin aure da jana'iza da 'yar gonarsa ta bayan ganuwa.

Hanya biyu ake tayar da irin wannan babur. Akwai maɓallin sitata a hannun dama, wanda babban yatsa kaɗai ya ishe shi, akwai kuma ƙarfen kik a gefen injin, wanda sai an taka shi da ƙarfi. Maɓallin yana dogara ne da batir. Kik kuwa ba ruwansa da batir, domin a baburan irin na Malam wutar da ke zuwa filogi daga kwayil ɗin cikin injin take fitowa, da zarar injin ya juya. Saboda haka babur yana iya yin shekara yana yawo a gari da mataccen batir a cikinsa, muddin mai shi yana da ƙafa. Wannan sauƙin ne ya bai wa Malam damar yin kusan shekara guda yana musun abin da kowa a gidan ya riga ya gani.

Batirin shi ne na uku tun da babur ɗin ya zo hannunsa, kuma ya haura shekara uku yana aiki. Hon ne ya fara tona asiri. Muryarsa ta dishe, har ya zamana idan Malam ya danna shi a cunkoson Ƙofar Doka, babu mai waiwayowa. Daga nan fitilar sigina ta daina ƙiftawa, sai dai ta kama ta tsaya ja-ja kamar garwashin da ya kusa zama toka. Sitata ta koma yin gurnani sau biyu ko uku kafin injin ya amsa, daga baya ta koma wani ɗan ƙas-ƙas, daga nan ta yi shiru. Duk lokacin da aka yi masa magana, Malam yana da amsa. Da damina ya ce laima ce ta shiga wayoyi. Da kaka ta yi ya ce ƙura ce. Da hunturu ya shigo ya ce sanyi ne, kuma a nan yana da rabin gaskiya, domin sanyi yana rage kuzarin kowane batir, ga shi kuma yana daskarar da man injin, sai nauyin juyawa ya ƙaru a daidai lokacin da ƙarfi ya ragu.

Ainihin abin da ya gaggauta tsufan batirin kuwa tattalin Malam ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, fansho kuwa yana nan inda yake. Malam ya zauna ya yi lissafi irin na tsohon malamin makaranta. Masallaci a ƙafa, kasuwar kusa a ƙafa, gona sai ta kama dole. Babur ɗin da a da yake fita kullum ya koma yin kwana biyar ko mako guda a zaure, idan ma ya fita, tafiyar ba ta wuce ta minti biyar ba. Malam yana ganin yana hutar da abin hawansa, alhali hutun ne yake cin batirin.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina shi. Batirin babur ɗakuna shida ne a jere cikin akwatin roba, kowane ɗaki yana ba da bolt biyu da ɗan ɗoriya, jimilla bolt 12 da wani abu. A cikin kowane ɗaki akwai fallayen dalma da aka jiƙa a ruwan asid. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro wannan tsari a 1859, kuma har yau tushensa bai sauya ba. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin gishiri yakan kwanta a jikin fallayen. Idan injin ya yi tafiya mai ɗan tsawo, cajin da yake mayarwa yakan narkar da gishirin, batir ya koma yadda yake. Idan kuwa aka bar shi a sauke kwana da kwanaki, gishirin sai ya ƙanƙare ya ƙi narkewa, wurin da zai riƙe caji ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Tayarwa ɗaya tana zuƙe wutar da tafiyar minti biyar ba ta iya biya. Haka bashi ya yi ta taruwa a kan batirin Malam har ya fi ƙarfinsa.

Da sitata ta yi shiru, Malam bai ce wa kowa komai ba, ya koma kik. A farko abin har daɗi ya yi masa. Yakan ce wa abokan hirarsa na ƙofar masallaci maɓalli na 'yan zamani ne, shi da ƙafa ya koyi tayar da babur, kuma tsohon doki sai mai shi. Sai dai ƙafar da ya koya da ita ta ɗan shekara talatin ce, wadda yake takawa da ita yanzu kuwa ta doshi saba'in, ga ciwon gwiwa da ya daɗe yana lallaɓawa da man zafi. Da safe yakan fito da babur ƙofar gida, ya ja cok, ya taka sau shida ko bakwai, ya tsaya yana gyara hula kamar hular ce ta dame shi, alhali numfashi yake mayarwa. Jikarsa 'yar shekara biyar, wadda ke zaune wurinsu tun da aka yaye ta, takan tsaya a bakin zaure tana ƙirga masa.

"Tara! Angona, yau ma ka fāɗi. Ni dai na fasa auren, wanda baburinsa ke tashi zan aura."

"Tafi can, amaryar da ba ta iya dama fura ba," in ji shi, yana dariya, hannunsa ɗaya a kan gwiwa.

Uwargidansa ba ta shiga wannan wasa. Sau biyu ta ce masa ya sayi batir, sau biyu ya ce sai fansho ya shigo. Da fansho ya shigo aka sayi masara.

A wani dare na watan Janairun 2024, cikin tsananin hunturu, zazzaɓin da yarinyar ta wuni da shi ya yi tsanani. Wajen ƙarfe biyu jikinta ya fara karkarwa, idanunta suka juye. Uwargida ta saɓe ta a kafaɗa ta yo zaure tana salati, Malam ya turo babur waje babu ko takalmi. Don ruɗewa ya danna maɓalli, abin da ya yi watanni bai yi ba, bai ji komai ba. Ya taka kik. Injin ya yi sanyi ƙalau, ya ƙi amsawa. Ya taka na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar ƙarfen ya dawo da ƙarfi ya doki ƙafarsa, gwiwar ta lanƙwashe, ya zube a ƙasa babur ya biyo shi. Ƙarar faɗuwar ce ta tayar da maƙwabcinsu, wani matashi mai sayar da kayan miya, wanda ya fito da nasa babur ɗin, ya danna sau ɗaya, ya ɗauki uwargida da yarinya suka nufi asibiti. Malam ya zauna a dakalin ƙofar gida cikin duhu, ƙafarsa a miƙe, yana jin ƙarar babur ɗin wani tana nisa da jikarsa.

Yarinyar ta sami sauƙi. Zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi mata allurai, bayan kwana biyu aka sallamo su. Gwiwar Malam ce ta ɗauki mako uku kafin ya iya durƙusawa a salla. A cikin makonnin nan babu wanda ya ambaci babur a gabansa, kuma shirun ya fi masa ciwo a kan faɗa.

Babban ɗansa, uban yarinyar, ya zo daga Kaduna a ƙarshen mako. Bayan sun gaisa ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar mahaifinsa, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da abin da ya kawo shi.

"Baba, da za ka yarda, da an sayar da mashin ɗin nan. Duk inda za ka, ga Keke Napep. Ni zan riƙa aiko da kuɗin."

Malam ya san kuɗin da ɗan nasa yake samu, ya kuma san abin da maganar take nufi. Ranar da aka fitar da babur daga zaure, zuwa gona zai zama sai an nemi izini, jana'izar aboki a Samaru ko Sabon Gari za ta zama sai an duba aljihun wani. Amma kuma ya san abin da ya faru a daren nan, kuma babu wata amsa irin ta laima ko ƙura da za ta rufe shi.

"Babur ɗin lafiyarsa lau," in ji shi a hankali. "Ni ne na ƙi saya masa batir. Laifina ne, ba nasa ba. Ka bar ni in gyara abin da na ɓata. Idan an sa sabo ya sake ba ni kunya, kai da kanka ka kai shi kasuwa."

Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Da zai tafi ya bar kuɗi a hannun mahaifiyarsa, bai faɗi na mene ne ba.

Ranar Litinin maƙwabcin nan ya taka masa kik, Malam ya hau ya nufi Tudun Wada wurin wani mai gyaran wutar babura, irin waɗanda ake kira rewaya, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa a aji uku. Yana ganinsa ya ajiye abin da ke hannunsa ya rusuna, ya jawo masa benci. Malam ya ce batir ya zo saya. Rewaya ya ce to, amma a bari ya auna tukuna.

"Malam, kai ka koya mana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Sau da yawa batir ake zagi, alhali abin da ke ba shi caji ne ya lalace. In haka ne, ko sabo aka sa, wata biyu ya bi sawun tsohon."

Ya kwance murfin roba, batirin ya bayyana, kawunansa biyu sun yi fari da wani gari mai kama da gishirin kanwa. Ya ɗora wayoyin mita. Lafiyayyen batir da ya huta yakan nuna wajen bolt 12.6, wannan kuwa da ƙyar ya haura 10, alamar ɗaki guda daga cikin shidan ya tafi. Da aka danna sitata lambar ta rufta ƙasa gaba ɗaya. Sai ya sa yaronsa ya taka kik, ya murɗa totur, mita ta hau zuwa 14. Bafaden dai ba shi da laifi. Kwayil yana ba da wuta, abin da ke daidaita ta yana aikinsa, batirin ne ba ya iya riƙe abin da ake ba shi.

"Ba a iya yi masa caji? Ko a ƙara masa ruwa?" in ji Malam.

"Da shekarar bara ka kawo shi, da wataƙila. Ruwa ma tatacce ake ƙarawa, ba asid ba, don ruwan ne ke ƙafewa. Amma wannan ko kwana ya yi a kan caji, gobe da safe zai yi maka kamar ya farfaɗo, jibi ya koma. Ya mutu, Malam."

Malam ya yi shekara talatin da biyar yana koya wa yara bambancin mutu da rasu, cewa rasuwa ta ɗan Adam ce, ladabi ne da harshe yake yi wa mamaci da danginsa, mutuwa kuwa Bahaushe ya raba ta ga kowa da komai. Fitila tana mutuwa, kasuwa tana mutuwa, aure yana mutuwa, mota tana mutuwa a tsakiyar titi. Yana zaune a kan bencin sai ya lura da wani abu da bai taɓa kawowa a aji ba. Mutuwar mota ta ɗan lokaci ce, ana tura ta ta tashi. Fitilar da ta mutu ana sake kunna ta, auren da ya mutu ma akan yi kome. Kalmar da kanta tana barin ƙofa a buɗe, kuma ta wannan ƙofar ya yi shekara yana bi. Kullum ya ce batir ya mutu, abin da yake ji a ransa shi ne irin mutuwar mota. Ya kuma tuna yadda matasa suka juya aron, suna cewa cajin wane ya sauka idan ya gaji, ko a bar shi ya yi caji idan yana barci. Harshe ya ba na'ura mutuwar mutum, ya dawo ya ba mutum gajiyar na'ura. Ya taɓa gwiwarsa, bai ce komai ba.

Batir iri biyu rewaya ya sa aka kawo daga shagon da ke maƙwabtaka da shi. Akwai mai ruwa, wanda ake zuba masa asid ranar da za a fara aiki da shi, a bar shi ya jiƙa, a yi masa caji, daga baya kuma a riƙa duba ruwansa. Akwai kuma rufaffe, wanda ba a buɗe shi ba a ƙara masa komai. Dukansu daga waje ake shigo da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi farashinsu ya kusa ninka abin da Malam ya biya a wancan karo. Hannunsa ya fara zuwa kan mai arahar. Sai ya tuna cewa duba ruwan batir yana bukatar durƙuso, kuma shi mutum ne da ya riga ya nuna yana iya ganin alama ya kawar da kai. Ya ƙirga kuɗin da ɗansa ya bari, ya cika da nasa, ya ɗauki rufaffen.

Aikin sauyawar bai kai minti ashirin ba. Rewaya ya fara kwance baƙar waya kafin ja, ya bayyana wa yaronsa dalili: baƙar a haɗe take da jikin babur, idan aka fara da ja sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi. Ya wanke bakin wayoyin da ruwan ɗumi da ɗan kanwa har garin nan ya narke, ya goge su suka yi haske. Ya zaunar da sabon batir, ya ɗaura ja tukuna sannan baƙa, ya shafa wa kawunan ɗan giris, ya duba fis, ya mayar da murfi. Malam yana kallo yana jin yadda ɗalibinsa yake koyarwa, yana maimaita magana sau biyu yana tambayar yaron ko ya gane, kamar yadda shi ma yake yi a aji.

Saura tsohon batir. Malam ya yi niyyar tafiya da shi gida, don ba ya son yar da abu, yana cewa wataƙila ya kunna ɗan ƙwai a tsakar gida. Rewaya ya girgiza kai, ya ce akwai yarinya a gidan, kuma abin da ke cikin akwatin nan dalma ce da asid. Kalmar dalma ta ishi Malam. Bai manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. A can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Ya bar shi a shagon aka rage masa wani abu a kan kuɗin sabon. A kusurwa ya ga tarin irinsa suna jiran 'yan gwangwan, waɗanda ke saye don dalmar da ke ciki. Ya tambaya ko ina ake fasa su, kuma su wa ke fasawa. Rewaya ya ce shi dai mota yake gani tana zuwa tana kwashewa. Malam ya daɗe yana kallon tarin kafin ya miƙe.

"Bismilla, Malam. Danna."

Ya ɗora babban yatsa a kan maɓalli. Injin ya tashi tun kafin ya gama dannawa. Ya gwada hon, wani mai tura baro da ke wucewa ya yi tsalle gefe yana harararsa, yaron shagon ya fashe da dariya. Rewaya ya ƙi karɓar kuɗin aiki, sai dai ya kafa sharaɗi: ko babu inda za a je, a riƙa fitar da babur sau biyu a mako a yi tafiyar minti ashirin ko talatin, domin man da za a ƙona bai kai kuɗin wani batirin ba. Kik kuma a bar shi a wurinsa, amma a bar wa yara.

Malam bai bi gajeriyar hanya ba da zai koma. Ya miƙe har Kwangila, ya kewayo ta Sabon Gari, sannan ya shigo birni ta Ƙofar Doka, yana lissafin man da ya ƙona yana kuma haƙura. Da ya iso ƙofar gida ya tarar da jikar a bakin zaure, ta rame kaɗan, an ɗaura mata ɗankwali saboda sanyi. Ya kashe injin. Ta matso ta ɗaga yatsu za ta fara ƙirga. Ya danna maɓalli, babur ya tashi.

"Ɗaya," in ji ta, tana dubansa da mamaki. Ta yi ɗan tunani. "To, na dawo da auren."

Uwargida, wadda ke tsaye daga ciki tana jin su, ta ce a shigo da babur kafin ƙura ta rufe shi, abinci yana hucewa. Tun daga ranar, duk Litinin da Alhamis bayan la'asar, ana ganin Malam ya fito da babur ya nufi hanyar gona, ko da kuwa rani ne babu abin da ke gonar sai kara.